Motar da Noreen Ba Ta Taɓa Turawa Ba

Shekara talatin da ɗaya Noreen Maltby ta yi tana tsayuwa a rumfa ta bakwai, a bakin Kwanar Rijiya, da tuta a hannu. Duk wanda ya taɓa tseren mota a filin Kelstow ta gabanta ya wuce, amma da za ka tara direbobin ka ce su nuna maka ita a kasuwa, da an ji kunya. Haka direbobinmu suke. Mutum ya san kowane noti da ke jikin motarsa, amma bai san sunan matar da ta zaro shi daga cikin tarin tayoyi ba. A wurinsu 'yan tuta kayan fili ne kawai kamar shinge, sai dai su suna motsi, kuma sanye suke da kaya ruwan lemo.

Aikin sa kai ne, ko sisi ba a biya. Abin da ake ba su bai wuce takardar karɓar shayi da burodi da ƙwai da tsakar rana ba. Ka zo tun da sassafe ka tsaya a cikin ruwa da iska. In mota ta juya ka kaɗa rawayar tuta, in ta zubar da baƙin mai ka barbaɗa garin siminti ka share, in ta mutu ka tura ta gefe. Kwanar Rijiya kuwa nan ce maƙabartar motoci. Tana ƙasan gangare ne, bayan doguwar hanya miƙaƙƙiya inda kowa ke taka totur har ƙasa, saboda haka duk motar da ke ɓoye wani ciwo a nan asirinta ke tonuwa. Motocin kuma ba yara ba ne. Kulob ɗinmu na tsofaffin motoci ne, ba a karɓar wadda aka ƙera bayan 1970, kuma dole kowane ƙarfe da ke jikinta ya zama irin na zamaninta.

A gonar dankali aka haifi Noreen, mil huɗu daga filin, lokacin da tsofaffi ke kiransa filin jiragen yaƙi duk da cewa jiragen sun daɗe da tafiya. A kan tarakta ta koyi tuƙi tana 'yar shekara tara, da matashin kai biyu a ƙarƙashinta. Da ta girma ta kama aikin tuƙa motar 'yan makaranta, ta yi shekara ashirin da takwas tana zagaya ƙauyuka shida safe da yamma, ko madubi ba ta taɓa gogewa ba. Ta auri wani mutumin kirki mai son shiru da kamun kifi, ba su haihu ba, ya rasu ya bar mata gida da kare. Shigarta aikin tuta ma ba da shiri ba ne. Wata Lahadi ta raka ƙaninta Roy kallon tsere, aka yi shela cewa wani ɗan tuta bai zo ba, ta ɗaga hannu. Tun daga ranar ba ta sake zama a wurin 'yan kallo ba.

Ba ta taɓa gaya wa kowa cewa tana sha'awar shiga ciki ita ma ba. Ko mu da muke shan shayi tare da ita duk wata ba mu taɓa jin ta furta ba.

A watan Nuwamba na shekarar da ta cika sittin da ɗaya, likitan ido ya zaunar da ita ya ce tana da hawan jinin ido. Ganinta na gaba lafiya lau, amma na gefe ya fara tsukewa, kuma magani zai rage masa gudu ne kawai, ba zai tsayar da shi ba. Ta saurare shi har ya gama, jakarta a kan cinya.

"In na kawo maka takardar lasisin tsere, za ka sa hannu?"

Ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci ne. Da ya ga fuskarta sai ya sake duba hotunan idon.

"Bana zan sa. Baɗi kuwa, Misis Maltby, ban yi miki alkawari ba."

Daga asibiti ba ta tsaya ko'ina ba sai garejin Roy. Makaniken tarakta ne, ya ba ta baya da shekara shida, kuma har gobe in ta ɗaga murya sai ya miƙe tsaye. Ta same shi kwance a ƙarƙashin wata tirela, ta ɗan shuri takalminsa.

"Fito, magana zan yi da kai. Tsere zan shiga."

"Tseren buhu na bikin coci?"

"Roy."

Ya turo kansa waje yana goge hannu. Ta gaya masa abin da likita ya ce, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ya nemi bokiti ya kife ya zauna.

Dokar sabon shiga kowa ya san ta. Dole ya liƙa rawayan faifai mai baƙin kuros, wato alamar X, a bayan motarsa, don na baya su yi hattara da shi. Ba ya cirewa sai alƙalin fili ya sa masa hannu sau shida a kati, wato tsere shida da ya gama lafiya. Kulob ɗinmu kuwa tsere bakwai yake yi a shekara, ɗaya kowane wata daga Afrilu zuwa Oktoba.

"Ba kofi nake nema ba," in ji ta. "Kuros ɗin nan nake so in cire kafin idon ya rufe. In zama direba cikakkiya ko da na wuni ɗaya ne."

"Yaya, shida cikin bakwai fa. Masu kuɗi ma sai su yi shekara biyu suna nema, mota na mutuwa a hannunsu."

"Ni za ka gaya wa? Wa ke tura su?"

Jarrabawar lasisi ba ta ba ta wahala ba. Tambayoyin tutoci ma sai da ta gyara wa malamin kuskure ɗaya, ya yi tsuru-tsuru a gaban ɗalibai. Abin da ya rage shi ne mota, kuma kuɗin sallamarta daga aiki mota ɗaya za su saya, ba biyu ba. In ta yi zaɓen banza, magana ta ƙare.

Roy ne ya fara samo wata. Ja ce, ƙirar Italiya, mai kujera biyu, irin wadda ko a tsaye take sai ka ce gudu take yi. Mai ita Giles Hatherley ne, dillalin gidaje, mai motocin tsere uku da safar hannu kala-kala. Ya ce zai karya farashi don wurin ajiya ya yi masa kaɗan. Suka je ranar Asabar, ya tayar da injin, ƙarar ta cika farfajiyar gidan. Roy ya tsaya baki buɗe kamar yaro a shagon alewa.

Noreen ba ta ko leƙa ciki ba. Ta ce a kashe inji, a cire giya, a saki birki. Ta zagaya baya, ta ɗora tafin hannunta biyu a kan but, ta tura. Haka take gwada mota. Wanda ya yi shekara talatin yana tura motoci, kafaɗarsa na gaya masa abin da makanike ba zai gani ba: wadda birkinta ke riƙewa, wadda ke karkata gefe don ta taɓa cin karo an miƙe ta. Ta tura taku biyar ta tsaya.

"Sau huɗu na tura motar nan," ta ce. "Biyu ta tafasa, ɗaya giya ta ƙi shiga, ɗaya kuma mai ne ke ɗiga a kan salansa. An gyara na ƙarshen?"

Giles ya dube ta sama da ƙasa. "Afuwa, uwargida, mun taɓa haɗuwa ne?"

"Sau huɗu."

Ya gane, kunnuwansa suka yi ja, amma mutum irinsa ba ya rasa abin cewa. "Ah, 'yar tuta ce. Ai ku yadda mota ke mutuwa kuka sani. Yadda take gudu kuwa sai a bar mana."

Ta yi masa sallama cikin ladabi. A hanya Roy ya yi ta mita, ita kuwa ko a jikinta.

Ta biyu koriya ce, mai araha har abin ya ba da tsoro. Noreen ta buɗe bonet ta ga injin ya girmi abin da aka rubuta a takarda da ƙuruciya, an dai shafe shi da tsohon fenti. Masu duba motoci na kulob za su kore ta tun daga bakin ƙofa. Ta uku sai da suka yi tafiyar awa uku zuwa arewa don ganinta. Tana sheƙi kamar amarya, amma da Roy ya ɗora mata ɗan maganaɗisu a ƙasan ƙofa sai ya faɗo, don babu sauran ƙarfe a wurin, tsatsa ce da ciko. Ta huɗu kuwa Noreen na ganin hotonta ta ce ta san ta, ita ce ta taɓa zubar mata da baƙin mai tun daga saman gangare har ƙasa, ta sa ta shara na minti arba'in. Har yanzu ba ta yafe mata ba.

Janairu ya ƙare, Fabrairu ya yi rabi. Wata rana suna zaune a cikin a-kori-kurar Roy a bakin teku, suna cin kifi da soyayyen dankali daga takarda, haƙurinsa ya ƙare.

"Wannan kin tura, waccan kin share mata mai, waccan kin kashe mata wuta. To don Allah, Yaya, a duk faɗin ƙasar nan akwai motar da ba ki taɓa turawa ba?"

Gatse ya yi, amma ita sai ta daina tauna.

"Lamba arba'in da uku," ta ce.

"Wace ce kuma... A'a. A'a, Yaya. Ba dai Dankali ba?"

Dankali muke kiranta duk filin. Ƙaramar mota ce ƙirar gida ta 1965, mai kujera biyu da rufin ƙarfe, ruwan ƙasa, kuma ko tana sabuwa ba na jin akwai wanda ya taɓa waiwayowa don ya sake kallonta. Shekara goma sha tara tana tsere a Kelstow, kullum tana cikin ukun ƙarshe. 'Yan kallo sukan tafa mata don tsokana. Amma Noreen ta zauna ta bi shekarun nan ɗaya bayan ɗaya a ranta, ba ta tuna rana ɗaya da motar ta tsaya a gabanta ba. Ba ta taɓa ɗora mata hannu ba. Da kunne kawai ta san ta.

Mai ita Dakta Ambrose Tickner ne, likitan dabbobi da ya yi ritaya. Shekara huɗu ke nan da ya daina tsere saboda ƙugunsa. Suka same shi a wani gida a kan tudu, tsoho ɗan shekara tamanin da ɗaya mai gashin gira kamar tsintsiya. Ya ba su shayi da burodi mai zabibi da yankan cuku a kai, sannan ya ce su sha su tafi.

"Dillalai uku sun zo kafin ku. Ɗaya ya ce zai yi mata jan fenti. Na sakar masa kare."

"Ni ba dillaliya ba ce, Dakta."

"Kowa haka yake cewa."

Noreen ta ajiye kofinta. "In ka gangaro Kwanar Rijiya, kai kaɗai ne kake saukowa giya ta uku tun daga allo na biyu cikin allunan da ke nuna nisan kwana. Sauran sai sun kai na ƙarshe. Kuma kafin giyar ta shiga kakan ɗan dakata, kamar mai neman izini. Daga nan ba ka sake taɓa birki har ka fita."

Tsohon ya ɗaga girarsa. "Ina kika san wannan?"

"Rumfa ta bakwai."

Ya ƙura mata ido, sai ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. "Ke ce mai shuɗiyar tuta!"

Shuɗiyar tuta ita ake kaɗa wa direban da ke baya, a gaya masa na gaba sun zagayo za su wuce shi, ya ba da hanya. Babu wanda ya sha ta a tarihin Kelstow kamar Dakta Tickner.

"Ni ce. Har yau kafaɗata ta dama tana ciwo saboda kai."

Ya yi dariya har da tari. Ya ɗauki sandarsa ya ja su zuwa rumbun bayan gida, inda motar ke zaune a tsakanin buhunan abincin tumaki, an lulluɓe ta da tsofaffin labule. Roy ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya yi minti ashirin, ya fito fuska a yamutse kamar wanda aka ci shi a caca.

"Babu tsatsa," ya ce. "Ko ɗigo. Kuma kayan gyaranta ai ko a shagon kusa da gidanmu akwai."

"Duk kaka nake fesa mata tsohon mai a ciki," in ji Dakta. "Zo ki ga wannan, Misis Maltby."

Ya nuna mata agogon da ke ƙirga saurin juyawar inji. A kan gilashinsa akwai wani siririn jan layi da aka ja da hannu, ya ɗan karkace.

"Jan farcen matata ne. Masu ƙera ta sun ce allura tana iya kai dubu shida da ɗari biyar. Ni na ja layi a dubu biyar da ɗari biyar, ban taɓa tsallake shi ba. Shekara hamsin ina duba dawakai, kuma duk wanda aka kawo mini a kwance, mai shi ne ya nemi abin da ya fi ƙarfinsa."

Noreen ta ce a cire giya. Ta zagaya baya. Ta ɗan jima tana kallon but ɗin kafin ta ɗora hannu, hannu ɗaya kawai, ta tura. Motar ta mirgina ba ƙara ba gardama, ta fita daga rumbun a miƙe, ta tsaya a cikin hasken rana. Daɗi ya kama Noreen har sai da ta juya baya ta yi kamar tana neman wani abu a aljihu.

Kuɗin da Dakta ya yanka bai kai rabin na jar motar Giles ba. Sharaɗinsa biyu ne: ba za a sake mata fenti ba, kuma lambarta tana nan.

Roy ya canza tayoyi da robobin ruwa da takalman birki da bel ɗin kujera, sauran ya bar su yadda suke. Ranar tseren Afrilu masu duba motoci suka gama da ita cikin minti goma, ɗayansu har yana shafa rufinta kamar ya ga tsohuwar maƙwabciya. Noreen ta fito sanye da hular kwano, kuros a bayan mota. Ta zo ta biyun ƙarshe. Alƙalin fili, Mista Ormsby, ya sa hannu na farko. A Mayu ta wuce motoci uku, ya sa na biyu.

A Yuni ne ta tafka kuskuren da babu direban da zai taɓa yin irinsa a duniya.

Zagaye na shida, tana gangarowa Kwanar Rijiya, sai ta hango jar motar nan ta Giles a kan ciyawa, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin bonet, da ɗan harshen wuta a gefe. Shi kuma yana ciki yana kokawa da bel. Kanta bai yi shawara da ita ba. Ƙafarta ta taka birki, hannunta ya kwance bel, ta fizgo tulun kashe gobara na motarta, ta ruga. Ita ta fara isa. Ta riga ta fesa rabin tulun kafin 'yan tuta uku na rumfar su iso da manyan nasu, daƙiƙa biyar kacal a bayanta.

"Noreen!" in ji shugabansu. "Me kike yi a nan? Ke fa tsere kike yi!"

Sai a lokacin ta waiwaya ta ga Dankali a tsaye a bakin kwalta, ƙofa a buɗe, a daidai wurin da ita da kanta ta sha zagin direbobi don sun bar mota. Dole aka ɗaga jar tuta aka tsayar da tseren gaba ɗaya.

Mista Ormsby ya kira ta ofis. Ya yi mata faɗa na minti biyar kamar yadda doka ta ce, ta tsaya kai a ƙasa, don ta san da gaskiyarsa. Bai sa hannu ba. Da ya gama sai ya rufe ƙofa ya sassauta murya.

"Saurara, Noreen. Doka ta yarda a ƙirga wa sabon shiga wuni ɗaya na aikin tuta a matsayin sa hannu ɗaya. Ke kuwa kin yi wuni nawa? Ɗari nawa? Kawo katin in cike miki gurbin yau, babu wanda zai ce uffan."

"Na gode, ranka ya daɗe. Ba na so."

"Haƙƙinki ne fa."

"Na sani. Amma na riga na san na iya riƙe tuta. Ba shi na zo tambaya ba."

Roy ya kusa haukacewa da ya ji. Tsere huɗu suka rage, sa hannu huɗu take nema, ko taya ce ta yi faci an gama. Ya ce taurin kanta irin na babansu ne, wanda ya ƙi sayen sabuwar garma har ya mutu. Ta ce ya ɗaure mota a tirela ya rage surutu. Suna cikin haka Giles ya zo, girarsa ɗaya a ƙone, ya tsaya yana murza safar hannu. Ya ce, "Misis Maltby," ya kasa ƙarasawa. Ta ce masa ya je a duba hannunsa, kuma wannan karon ya gyara bututun man.

Yuli ta gama. Agusta ta gama. A Satumba ma ta gama, amma a ranar wata mota ta zo ta gefenta na hagu, ba ta gan ta ba sai da ta kai daidai ƙofa. Ba su taɓa juna ba, tazarar ba ta fi tafin hannu ba. Ta karɓi sa hannu na biyar. Tsoro ya kama ta sosai a wannan watan, ba tsoron haɗari ba, tsoron kada idon ya riga Oktoba isowa.

Ranar tseren ƙarshe aka tashi da ruwa, irin mai saukowa a karkace daga teku. Motoci ashirin da biyu suka yi layi. Roy ya durƙusa a bakin tagarta, ruwa na bin wuyansa.

"Yaya, don girman Allah, ki zauna a baya. Ki bar su su tafi. Gamawa kawai muke so."

"A baya feshin tayoyinsu zai rufe ni, ba zan ga komai ba."

"To a gaba za ki zauna? Da Dankali?"

"Matsa, za ka jiƙa mini kujera."

Aka saki tuta. Zagaye biyu na farko ba ta ganin komai sai farin feshi da jajayen fitilu. Amma akwai abin da Noreen ta sani wanda babu direba ɗaya a filin da ya sani, don babu wanda ya taɓa share shi da tsintsiya a cikinsu. Layin da kowa ke bi a kwana, na ciki, ya sha roba da mai na shekara da shekaru har ya yi santsi, tsintsiya ma zamewa take yi a kai. Can waje kuwa, inda direbobi ke ƙyama, tsohon simintin titin jirage ne mai kaushi, wanda ke cinye mata bakin tsintsiya duk shekara. Ta san inda ruwa ke tsallaka hanya bayan allo na biyu, ta san ramin da ke tara shi a mafitar kwana.

Sai ta bi ta waje. Manyan motoci masu ƙarfin doki ɗari biyu suna ta wutsil-wutsil a layin ciki, tayoyi na juyawa a banza, ita kuwa ta zagaye su ta inda babu mai tsammani, allurarta a ƙasan jan farce. Ta wuce ɗaya. Ta wuce biyu a kwana guda. Wata shuɗiyar mota ta juya a gabanta ta shige ciyawa, ta kauce mata. Ta riƙa juya kanta gaba ɗaya hagu da dama kafin kowace kwana, don abin da gefen ido ya daina ba ta, wuya ya biya. A zagaye na tara mai sharhi ya daina tsokana ya fara kiran lambarta da ihu. A na goma sha ɗaya ta zagayo wa wata mota da ke can baya, ta ga ɗan tuta yana kaɗa wa mutumin shuɗiyar tuta don ya ba Dankali hanya. Ta yi dariya ita kaɗai a cikin hular kwano.

Ta ƙare ta bakwai cikin ashirin da biyu, ta ɗaya a ajin ƙananan injuna. Motoci takwas ba su gama ba.

A zagayen komawa, wanda ake yi a hankali, 'yan tuta suka fito daga rumfunansu suka tsaya a bakin kwalta. Kowa ya kwaso duk tutocin da ke hannunsa, rawaya da ja da kore da fara, suna kaɗawa gaba ɗaya, abin da doka ba ta san da shi ba. Wani tsoho a rumfa ta huɗu ya rasa tuta, ya ɗaga tsintsiya. Tun daga rumfa ta ɗaya har ta goma sha biyu haka aka yi, manyan mutane a jiƙe sharkaf suna tsalle kamar yara.

Mista Ormsby bai jira ta zo ofis ba. Ya fito cikin ruwan da kansa, ya karɓi katin ta taga, ya ɗora a kan gwiwarsa ya sa hannu na shida. Roy ya zagaya baya ya sa farce ya ɓanɓare kuros ɗin, yana kuka yana cewa ruwa ne ya shigar masa ido. Mutane suka taru, ana kiranta ta zo ta karɓi kofi.

Ita kuwa ba ta motsa ba. Ta cire hular kwano ta ajiye a kujerar gefe, ta bar waifa tana aiki. Ta san ba za ta sake zama a wannan kujera a wannan fili ba, kuma abin mamaki, ba baƙin ciki take ji ba. Farin ciki ne ya cika ta har wuya.

Roy ya buɗe ƙofa. "Yaya, fito mana, ke ake jira."

"Su ɗan jira."

"Ƙafar ce ta riƙe?"

"A'a. Kallo nake yi." Ta nuna gilashin gaba da haɓa: jiƙaƙƙiyar kwalta, tudun da ke bayanta, mutanen da ke tahowa da lema. "Daga nan ciki wurin ya fi kyau, Roy. Bar ni in gan shi sosai tun ina iya gani."

Roy ya mayar da ƙofar ya rufe a hankali, ya juya ya buɗe hannuwansa ya tare jama'a, ya tsaya a cikin ruwan yana jiranta.